Hayaƙin da Ba a Yi Ba

Shekara goma sha bakwai ina kiwon janareta
a bayan ɗakin haihuwa, gefen tankin ruwa.
Na san tarinsa kamar yadda uwa ta san na ɗanta.
In ya yi gurnani, an yi wa mai algus.
In ya yi shiru,
sai Sista Rifkatu ta ɓalle taga:
"Tanimu! Akwai mace a kan tebur!"
Ni kuwa ina can ina jijjiga jarka,
ina lallashin ɗigon ƙarshe.

Akwai daren da na riƙe fitilar waya minti arba'in,
fuskata a bango, hannuna a miƙe ta baya,
likita na ɗinki.
Matar ta tashi.
Yaron bai yi kuka ba.
Ban ba da labarin nan a gida ba.

Bara, bayan Babbar Salla, motoci biyu suka shigo.
Aka shimfiɗa wa rufi baƙin gilashi, layi-layi.
Aka kwance ƙwayayen fitilar nan masu gasa ƙwari,
aka ɗaura farare, masu cin wuta kamar ba sa so.
Firjin rigakafi ya daina gumi.
Fankar ɗakin maza ta daina kiran sunan Allah a kowane juyi.

Sai Injiniya Barira, hular kwano a kan mayafi,
ta kafa wani ɗan akwati mai ƙifta ido.
Na ce, me yake ƙirgawa?
Ta ce, hayaƙin da ba ku yi ba, Baba.
Wai a wata ƙasa akwai masana'anta
da bututunta ya kasa daina amai,
za ta biya mu, mu da muka daina.
Tan-tan ake aunawa,
kamar masara a Saminaka.

Na yi dillancin awaki a Zango kafin aikin nan,
ban taɓa ganin an yi cinikin akuyar da ba a haifa ba.
Na ce, wato shi ya ci, mu mu kama baki?
Ta yi dariya, ba ta musa ba.
Ta ce, da kuɗin aka sayi batiran can.
Na dubi batiran. Na haɗiye sauran maganar.

Abin da ta zo nema, ashe, littafina ne,
mai baƙin bango, duk shafi da tambarin yatsana.
Litinin, lita sittin. Talata, tamanin, an yi tiyata.
Ta ɗauki hotonsa shafi-shafi
kamar takardun gado.
Ta ce ba don shi ba, babu shaidar an taɓa yin hayaƙi,
balle a ce an daina.
Akwai 'yan litoci a ciki da babur ɗina ya sha.
Ban faɗa ba.
Su ma, ina jin, an sayar.

Yanzu da asuba nake hawa tsani da tsumma da bokiti,
in wanke wa gilashi kashin tattabaru.
Daga sama ina jin jirgin ƙasa yana barin Rigasa,
shekara da shekaru ban san ana jin sa daga nan ba.
Ina jin kukan farko ta tagar Sista Rifkatu,
ina ƙirgawa, ba wanda ya sa ni.
Jiya uku.

Tsohon yana nan a ƙarƙashin tamfol.
Ran Litinin nakan tayar da shi minti goma
don kada ya manta kansa.
Ya yi tari, in yi tari.
Wancan hayaƙin, wanda aka yi,
yana nan zaune a ƙirjina,
shi ba a zo da ma'auninsa ba.